Shimfiɗa Layin Ƙaramin Jirgin Ƙasa a Lambun Gida: Wane Ƙarfe, Kuma a Kan Wane Tushe?

Wanda ya ƙudura gina ƙaramin jirgin ƙasa a lambun bayan gidansa yakan fara da kallon injuna da taragai, domin su ne ke ɗaukar ido, alhali shawarar da za ta fi daɗewa tana bin sa ita ce ta layin da za su bi. Injin da bai gamsar da mai shi ba ana iya sayar da shi ko a ajiye shi a kan kanta, amma layin da aka riga aka shimfiɗa, aka dasa shuke-shuke a gefensa, aka gina masa gada, ba ya tashi sai da ɓarna da asarar kuɗi. Zaɓin da ke gaban mai wannan aiki ya kasu gida biyu, kuma ana yawan cakuɗa su: irin ƙarfen da aka yi dogon da shi, da irin tushen da za a ɗora shi a kai.

Bayanin da ke tafe ya fi shafar layi mai faɗin milimita 45 tsakanin ƙarafansa biyu, domin shi ya fi yaɗuwa a lambuna tun lokacin da kamfanin Lehmann na birnin Nuremberg a Jamus ya fito da jiragen LGB a 1968. A kan wannan faɗi guda ake tafiyar da jirage masu girma daban-daban. Na LGB an rage su sau 22.5 daga girman jirgin gaske mai layin mita ɗaya, akwai waɗanda aka rage sau 32 don su wakilci babban layi mai milimita 1,435, akwai kuma na sau 29 da na sau 20.3 waɗanda suka fi karɓuwa a Amurka. A Ingila mutane da yawa suna amfani da layi mai milimita 32 da jiragen da aka rage sau 19, kuma kusan duk abin da za a faɗa a nan ya shafe su.

Ma'aunan da za a bi

Abu huɗu ne za a duba a kowane zaɓi. Na farko tsada, wadda ta haɗa kuɗin saye da na kayan aikin da zaɓin zai tilasta a nema daga baya. Na biyu ƙarko, wato yadda abin zai jure rana da ruwa da takun ƙafar mutum ko ta dabba shekara da shekaru. Na uku sauƙin aiki, a ranar shimfiɗawa da kuma duk ranar da aka fito za a tayar da jirgi. Na huɗu haɗari, wato irin matsalar da ba ta bayyana sai bayan an gama aiki.

Sai dai akwai tambaya guda da ke sauya nauyin waɗannan ma'aunai gaba ɗaya, ita ce ta ina injin zai sami ƙarfin tafiya. Hanya ta farko ita ce a saki wutar lantarki mara ƙarfi, wadda yawanci ba ta wuce bolt 24, a cikin ƙarafan layin, injin ya riƙa ɗaukarta ta ƙafafunsa. Ta biyu ita ce a ɗora batir a cikin injin ko a taragon da ke bayansa, a sarrafa shi da rimot. Ta uku injin tururi ne na gaske, mai tukunya da ruwa da wuta, wanda ke ƙona gas ko sifirit ko gawayin kwal, irin waɗanda kamfanin Roundhouse ke ƙerawa a Doncaster ta Ingila. A hanya ta farko layin ya zama waya mai ɗaukar wuta, don haka tsabtar samansa da ingancin kowace gaɓa tasa su ne rayuwar jirgin. A sauran biyun kuwa layin hanya ce kawai, kuma muddin yana miƙe, faɗinsa bai sauya ba, datti kaɗan ba zai tsayar da komai ba. Wanda bai yanke wannan hukunci ba tukuna bai kamata ya sayi ko mita ɗaya ta layi ba, domin ƙarfen da ya fi dacewa da mai batir shi ne ya fi wahalar da mai wutar layi.

Tagulla

Tagullar da ake nufi a nan ita ce gamin jan ƙarfe da tutiya, kuma ita ce ƙarfen da LGB da Piko da wasu kamfanoni da dama ke yin layinsu da shi. Wannan yaɗuwa tata babbar riba ce da ba a cika lissafawa ba, domin kwana da mararraba da magama iri-iri duk ana samunsu a shirye, ana kuma samun na hannu da arha daga waɗanda suka rushe nasu lambun. Tsadarta matsakaiciya ce, ko da yake tana hawa da sauka tare da kuɗin jan ƙarfe a kasuwar duniya.

Ta fuskar ƙarko ba ta da abin zargi. Ba ta tsatsa irin wadda ke cinye baƙin ƙarfe, iyaka dai launinta na rawaya ya rine zuwa ruwan ƙasa mai duhu cikin watanni, kuma wannan duhu yana ƙara wa layin kama da na gaske. Matsalar tana kan saman dogon, inda ƙafar jirgi ke taɓawa, domin siririn ɓawon da iska da danshi ke haifarwa a wurin ba ya barin wuta ta wuce yadda ya kamata. Mai wutar layi a kan tagulla zai saba da goge layinsa kafin ya tayar da jirgi idan ya yi kwanaki bai tayar ba, ko dai da abin guga mai laushi da aka ɗaure a bakin sanda, ko da injin goge layi irin wanda LGB ke sayarwa. Samfefa mai kaushi ba ta dace da wannan aiki ba, domin kartar da take bari a saman dogon ita ce wurin da sabon datti zai maƙale. Yawan aikin gugan ya danganta da tsawon layin, kuma abin da yake minti biyar a layi mai mita 15 yakan zama wahala ta gaske a mai mita 100, musamman idan akwai bishiya mai zubar da ƙaro a samansa.

Wajen aiki da hannu kuwa tagulla ta fi sauran daɗin sha'ani. Zarton ƙarfe na yanka ta ba tare da gardama ba, magagari na gyara bakinta, tana karɓar lanƙwasa ta zauna a inda aka kai ta, kuma ana iya liƙa mata waya da dalma idan an sami abin zafi mai ƙarfi, ko da yake sai an kula kada zafin ya narkar da sandunan roba da ke gicciye a ƙarƙashinta, waɗanda ma'aikatan reluwe ke kira silifa. Tana ɗaukar wuta da kyau, kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na abin da tsantsar jan ƙarfe ke ɗauka. Haɗarinta biyu ne: gaɓoɓin da ke daina wuce da wuta sannu a hankali, da kuma kasancewarta ƙarfe mai daraja a wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, abin da ya kamata mai lambun da ba shi da katanga ya yi la'akari da shi.

Ƙarfe mara tsatsa

Wannan shi ne amsar mai wutar layi da ya gaji da guga. Samansa ba ya yin ɓawon da ke tare wuta, don haka share ƙura da ganye da kashin tsuntsu da tsumma ya wadatar a yawancin lokuta. Ya fi duk sauran tauri, kuma ko mutum ya taka shi da takalmi ba ya jin komai. Kuɗinsa yakan ɗara na tagulla, masu yin sa kaɗan ne, nau'o'in mararrabar da ake samu ba su kai na tagulla yawa ba, kuma tun da kamfanin Aristo-Craft na Amurka, wanda ya yi fice da irin wannan layi, ya rufe a ƙarshen 2013, sai an ƙara bincike kafin a sami mai sayarwa da za a dogara da shi tsawon shekaru.

Taurin nasa shi ne wahalarsa a ranar shimfiɗawa. Yana cinye haƙoran zarto, yana dawowa baya bayan an lanƙwasa shi har sai an wuce da shi inda ake so kafin ya zauna, kuma dalma ba ta kama shi sai da sinadari na musamman, shi ya sa ake haɗa masa waya da maɗauri mai kusa. Akwai kuma abin da ke ba mutane da yawa mamaki: duk da tsabtar samansa, cikinsa ba ya ɗaukar wuta sosai, domin tagulla ta ninka shi kusan sau goma a wannan fanni. A ƙaramin layi ba za a lura ba, amma a dogon layi jirgi zai riƙa rage gudu yayin da yake nisa da wurin da wuta ta shiga. Maganin wannan sananne ne, wato a binne waya mai kauri a gefen layin a riƙa ciyar da shi wuta a wurare da dama, kuma ya kamata a sa kuɗin wayar cikin lissafi tun farko. Launinsa yana zama fari fat har abada, abin da ke damun masu son layinsu ya yi kama da na gaske, sai dai su shafa wa gefensa fenti.

Alminiyam

Alminiyam, wanda wasu ke kira goran ruwa, ya fi kowanne arha da rashin nauyi, kuma yankansa da lanƙwasa shi ba su da wuya ko kaɗan. A cikinsa yana ɗaukar wuta fiye da tagulla, amma wannan falala ba ta amfanar kowa sosai, domin da zarar iska ta taɓa shi sai ya lulluɓe kansa da ɓawo mai tauri wanda ke tare wuta, kuma ɓawon yana dawowa nan da nan bayan an goge shi. Dalma ta yau da kullum ba ta kama shi. Akwai masu tafiyar da wutar layi a kansa a wurare masu bushewa, amma ba zan ba wa mai farawa wannan shawara ba.

Ga mai batir ko tururi kuwa labarin ya sha bamban, domin ɓawon da ke hana wuta wucewa shi ne ke kare ƙarfen daga lalacewa, kuma kuɗin da aka rage a nan yana iya isa a faɗaɗa kwana ko a ƙara tsawon layi. Rauninsa laushi ne. Taku ɗaya mai nauyi a wurin da ƙasa ta zaizaye a ƙarƙashinsa ya isa ya lotsa shi, kuma dogon da ya lotsa ba ya komawa daidai. Idan aka haɗa shi da maɗauran tagulla a wuri mai danshi, ƙarafan biyu sukan yi hulɗar da ke cinye alminiyam ɗin a hankali, kuma iskar bakin teku mai gishiri tana ƙara saurin wannan ci.

Gamin nikel

Ana yi masa laƙabi da azurfar Jamus, alhali babu azurfa a cikinsa ko ƙwaya, gamin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya. Yana tsakanin tagulla da ƙarfe mara tsatsa kusan a komai: ba ya buƙatar guga kamar ta farko, ba shi da taurin kai kamar na biyu, yana karɓar dalma, kuma launinsa na toka-toka ya fi kowanne kama da dogon gaske. Cikinsa ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla, don haka shi ma yana son waya mai ciyarwa a dogon layi. Yana da tsada, kuma an fi samun sa a siraran dogo, irin na kamfanin Peco na Ingila.

| Ma'auni | Tagulla | Ƙarfe mara tsatsa | Alminiyam | Gamin nikel |
|---|---|---|---|---|
| Tsada | matsakaiciya | mai yawa | mafi arha | mai yawa |
| Jure taku | sosai | mafi juriya | rauni | matsakaici |
| Yawan guga ga mai wutar layi | akai-akai | kaɗan | kullum | jefi-jefi |
| Yanka da lanƙwasa | sauƙi | wuya | mafi sauƙi | sauƙi |
| Kama dalma | yana yi | da ƙyar | ba ya yi | yana yi |
| Samun kwana da mararraba a shirye | ko'ina | iyakantacce | iyakantacce | matsakaici |
| Miƙewar mita 10 idan zafi ya ƙaru da digiri 40 | kusan milimita 7.5 | kusan milimita 7 | kusan milimita 9 | kusan milimita 7 |

Jeri na ƙarshe a wannan jadawali ya cancanci a tsaya a kansa, domin babu ƙarfen da ya tsira daga gare shi. Dogon da ke kwance a rana ya fi iskar da ke kewaye da shi zafi nesa ba kusa ba, don haka bambancin digiri 40 a ma'aunin salshiyos tsakanin sanyin asuba a wani lokaci na shekara da tsakar rana a wani lokacin ba abin mamaki ba ne. Miƙaƙƙen layin tagulla mai mita 30 zai ƙara tsawo da fiye da santimita 2, kuma idan bai sami wurin tafiya ba sai ya karkace gefe ko ya fizge kansa daga sandunan da ke riƙe da shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa irin tushen da aka zaɓa, da yadda aka ɗaure layin a kansa, suka fi irin ƙarfen tasiri a kan ko jirgi zai riƙa kaucewa daga layi ko a'a.

Tsayin dogo, gaɓoɓi da kwana

Ana auna tsayin dogo, wato daga gindinsa zuwa samansa, da lamba mai nuna kashi nawa ne cikin dubu na inci. Lamba 332, wadda LGB da Piko ke amfani da ita, tana daidai da kusan milimita 8.4, lamba 250 kuwa milimita 6.35 ce. Mai 332 ya yi kauri fiye da kima idan aka gwada shi da girman jirgin, amma shi ke jure taku, kuma wannan ya sa alminiyam mai 332 ya fi mai 250 kwanciyar hankali a ƙasa. Abin da ya gaza 250 yana da kyan gani, sai dai taragai masu dogon leɓe a ƙafafunsu na iya riƙa bugun maƙalan da ke riƙe da dogon.

Gaɓa ita ce wurin da layi ya fi rauni, don haka raguwarta alheri ce. Layi mai mita 30 da aka haɗa da guntaye masu santimita 30 zai sami gaɓa 100 a kowane ƙarfe, wato 200 gaba ɗaya, amma da dogaye masu mita ɗaya da rabi waɗanda ake lanƙwasawa da hannu ko da na'ura adadin zai sauka zuwa 40. Ɗan kwaroron da ake zurawa a bakin dogo, wanda ke zuwa tare da layin, yakan saki bayan ya sha miƙewa da takurewa, ƙasa ta shiga cikinsa, wuta ta yanke. Maɗauri mai kusa biyu masu zare ya fi shi tsada amma yana kawar da wannan matsala, kuma a wurin mararraba yana ba da damar a ciro ta a gyara ba tare da an tayar da layin da ke kewaye ba.

Game da kwana, mafi ƙanƙantar da'irar LGB faɗinta kusan mita 1.2 ne, tana haɗuwa da guntaye 12, akwai kuma masu kusan mita 1.6 da 2.4 da 4.6. Ƙaramar tana ɗaukar gajerun injuna, amma dogayen injunan Amurka da yawancin na tururi suna son mita 2.4 ko fiye. Hawa kuma bai kamata ya wuce santimita 2 zuwa 3 a kowace mita ba, kuma wanda ke son layinsa ya haye ta saman kansa ya yi lissafi tun a takarda: ɗagawar santimita 25 a hawan santimita 2 tana cin mita 12 da rabi kafin gada, da wasu irinsu bayan ta.

Tushe na farko: kwanciya a cikin tsakuwa

Wannan ita ce hanyar da reluwe na gaske ke bi. Ana haƙa doguwar kwarya mai zurfin santimita 10 zuwa 15 da faɗin kamar 20, a shimfiɗa yadin da ke hana ciyawa tsirowa idan ana so, a cika ta da fasasshen dutse, a daddaɓe, a ɗora layin, a ƙara tsakuwar har ta cike tsakanin sandunan gicciye. Ba a kafa layin da kusa a ko'ina, yana kwance ne kawai, don haka idan zafi ya miƙar da shi sai kwanonin su ɗan buɗe, idan sanyi ya zo su koma. Wannan hanya ta fi sauran arha, ba ta buƙatar gwaninta, tana barin ruwa ya tsiyaye, kuma idan mutum ya sake shawara bayan shekara guda, ɗaga layin kawai zai yi ya mayar da shi wani wuri.

Nasararta duka tana rataye ne a kan irin tsakuwar. Dole ta zama fasasshiya mai kaifin gefe, wadda ƙwayarta ba ta wuce milimita 6 ba, a gauraye da garin dutsen, domin irin wannan ce ke cije juna ta riƙe layin. Tsakuwar rafi mai santsi da mulmulalliyar siffa mirginawa take yi a ƙarƙashin jirgi, kuma wanda ya yi amfani da ita don ta fi sauƙin samu zai maimaita aikin. Ko da tsakuwa mai kyau, sai an riƙa ƙari da daidaitawa da ma'aunin lebur aƙalla sau ɗaya a shekara, musamman a shekaru biyun farko da ƙasa ke zama. Mamakon ruwa a wuri mai gangara yana iya kwashe ta cikin dare guda, saiwar bishiya tana ɗaga ta, dabbobi masu tono suna watsa ta. Ya kamata a bi lambun a duba inda ruwa ke bi bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, a sa bututu a ƙarƙashin layin a waɗannan wurare kafin a zuba tsakuwa ko kwano ɗaya.

Tushe na biyu: kankare

Kankare mai kaurin santimita 8 zuwa 10 da rodi a ciki yana ba da tushen da ruwa ba ya kwashewa, ciyawa ba ta hudawa, gara ba ta ci. Kuɗinsa da wahalarsa sun fi na tsakuwa, domin sai an kafa katakon zubi mai bin kowace kwana da kowane hawa daidai, kuma kuskuren da aka yi a ranar zubi ya zauna ke nan, sai dai a sa guduma. Kankare yana miƙewa da zafi kimanin rabin yadda alminiyam ke yi, don haka idan aka ɗaure layi a kansa tam a kowane taku, ƙarfen zai yi ta kokawa da tushensa. Abin da ya dace shi ne a ɗaure shi a wurare kaɗan da kusa mai ɗan sarari a raminta, ko a bar shi ya kwanta a siririyar tsakuwa a saman kankaren. A ƙasashen da ƙasa ke daskarewa, da wuraren da laka ke kumbura da ruwa ta tsage da fari, siririn kankare yakan karye ya bar tudu a wurin karayar, kuma gyaran wannan ya fi gyaran tsakuwa wuya ƙwarai.

Tushe na uku: tsani a kan turaku

Ana ɗaukar dogayen filankan roba mai tauri ko katakon da aka gauraya da roba guda biyu, a tsayar da su a kan gefensu, a raba su da ƙananan guntaye har su yi siffar tsani kwance, sannan a ɗaure tsanin a jikin turakun da aka kafa a ƙasa da tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba. Falalarsa ita ce filankan da kansu suke yin kwana mai laushi idan an lanƙwasa su, kuma ana iya daidaita hawa a kan turakun tun kafin a cika ƙasa a kewaye, abin da ya sa ya fi kowanne dacewa da lambu mai tudu da kwari. Tsadarsa tana tsakanin ta tsakuwa da ta kankare. Abin lura shi ne robar ta fi ƙarfe miƙewa da zafi sau biyu ko uku, don haka tsanin da aka bari a fili yana motsi fiye da layin da ke kansa, kuma idan turakun sun yi nisa da juna yakan lotsa a tsakaninsu. Binne shi cikin ƙasa da tsakuwa har zuwa samansa yana rage duka biyun.

Tushe na huɗu: dandamalin katako

Layin da aka ɗaga zuwa gwiwa ko ƙugu a kan katako ba ya shiga cikin shuke-shuke kamar na ƙasa, don haka ya fi kama da teburi mai tsawo fiye da lambu. Amma yana kuɓutar da layin daga ambaliya da taku da yawancin ganye, yana kuma kuɓutar da bayan mai shi da gwiwoyinsa. Katako yana ruɓewa, yana murɗewa, gara na cin sa, don haka sai wanda aka jiƙa da maganin kariya, a kuma ɗora ƙafafunsa a kan kankare ko ƙarfe. Haɗarinsa na musamman shi ne jirgin da ya kauce a nan faɗowa yake yi daga sama, saboda haka ɗan shinge a bakin kwana ba ado ba ne.

Wanne ya dace da wa

Mai farawa da ƙaramin fili, wanda ya sayi jirgi mai amfani da wutar layi kuma bai tabbatar da siffar da yake so ba, ya ɗauki tagulla mai lamba 332 ya kwantar da ita a tsakuwa, ya sayi maɗauran kusa tun farko, ya ajiye taransifoma a cikin ɗaki yadda wuta mara ƙarfi kaɗai za ta fita lambun. Idan ya bar sha'awar bayan shekara biyu, wannan layi ne ya fi sauƙin sayarwa.

Wanda ya tsaya a kan wutar layi, layinsa kuma zai kai mita 50 ko ya wuce, ko yana son ya danna maɓalli jirgi ya tashi ba tare da ya fara zagaye da sandar guga ba, ƙarfe mara tsatsa ya cancanci ƙarin kuɗinsa, da sharaɗin ya binne wayar ciyarwa kuma ya sayi na'urar lanƙwasa dogo. Idan filin nasa mai gangara ne, tsani a kan turaku zai fi masa tsakuwa zalla.

Mai batir da ke son dogon layi da kuɗi kaɗan ya tafi ga alminiyam, amma ya ɗora shi a kan tushe mai tauri, tsani ko kankare ko dandamali, domin laushinsa ba ya jure rami a ƙarƙashinsa. Inda yara ko manyan karnuka ke ratsa lambun kullum, gara ya koma tagulla ko da ba ya buƙatar wutarta, ko kuma ya sa ta a mashigin da ake takawa kaɗai.

Wanda kyan gani ya fi damunsa, mai ɗaukar hoton jiragensa daga kusa, zai fi gamsuwa da gamin nikel mai lamba 250 a cikin tsakuwa mai ƙananan ƙwayoyi, bayan ya gwada ƙafafun taragansa a kan guntu ɗaya kafin ya sayi sauran.

Mai injin tururi yana buƙatar layi shimfiɗaɗɗe mara hawa, kwana mai faɗi, da tsayin da hannunsa zai kai ga injin yana tafe, domin irin wannan inji yakan ruga a gangara ya tsaya a hawa idan ba a sarrafa shi da rimot. Dandamali ko doguwar katanga mai kankare a sama ita ce tasa, kowane ƙarfe kuma zai yi masa. Ya ware wurin kunna wuta ya shimfiɗa masa farantin ƙarfe a tsakanin dogon, domin sifirit da ya zube yana ci da harshen da ba a gani da rana kuma yana narkar da sandunan roba. Idan zai raba layin da injunan lantarki, ya tabbatar ƙafafun injinsa ba sa haɗa wutar ƙarafan biyu, ya kuma sa ran goge man da tururi ke bari a kan dogon kafin na lantarkin ya biyo baya.